Dusar ƙanƙarar farko, da abin da ban saka wa ƙanena a jakar magani ba

A makon jiya na yi alƙawarin za mu ci gaba da maganar maganin tarin yara, to amma ina neman afuwa, zan ɗage ta zuwa mako mai zuwa. Wani abu ne ya faru a gidanmu, kuma ina ganin akwai gidaje da yawa da ya kamata su ji shi tun kafin sanyi ya kankama a ƙasashen da 'ya'yanmu da ƙannenmu suke karatu ko aiki.

Duk shekara daga Agusta zuwa Satumba, kantina a nan Agege ba ya rabuwa da iyaye masu zuwa da 'yar takarda a hannu. "Anti, yaron zai tafi Ingila, a haɗa masa magani." "Yarinyar za ta bi mijinta Kanada, me ya kamata ta riƙe?" Abin da ake haɗawa kusan ɗaya ne: maganin maleriya, farasitamol, maganin mura, na gudawa, sai man zafi. Ni ma da hannuna na haɗa wa autanmu irin wannan jaka da zai tafi birnin Kalgari na ƙasar Kanada yin digiri na biyu. Na rubuta masa yadda zai sha kowanne, har da jan biro. Amma ko kalma ɗaya ban ce masa a kan sanyi ba, in ban da "ka sayi rigar sanyi mai kauri."

Ranar Lahadin ƙarshen Oktoba, wajen ƙarfe huɗu na asuba, wayata ta yi ƙara. Tsakaninmu da su awa bakwai ne a lokacin, wato su ƙarfe tara na daren Asabar ke nan. Ya ce, "Yaya, don Allah kar ki gaya wa Hajiya tukuna. Ina asibiti, amma da sauƙi." Duk mai ɗan'uwa a waje ya san yadda wannan "amma da sauƙi" take sauka a ƙirji.

Ga yadda abin ya kasance, kuma da izininsa nake ba da labarin. A daren Alhamis aka yi dusar ƙanƙara, ta farko da ya taɓa gani a rayuwarsa. Ba ta da yawa, a cikin gari ko idon sawu ba ta rufe ba, kuma kafin Asabar rana ta narkar da rabinta. Shi da abokansa biyu, duka sabbin zuwa, suka shiga mota zuwa dajin da ke gindin tsaunukan Roki, yamma da birnin, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A can akwai siraran hanyoyi da suka ratsa cikin itatuwa, suna hawa suna gangarawa, wasu faɗinsu bai wuce na mutum ɗaya ba. Hanyoyin na tarayya ne: mai tafiya a ƙasa yana bi, mai keken hawan dutse yana bi, wani wurin har da mai doki.

Autan namu ya saka singileti da riga na auduga, da wandon jins, da takalmi kambas, ya ɗora jibgegiyar rigar sanyin da na ce ya saya. Mura na damunsa, sai ya sha ƙwayar da na saka masa, ɗaya da safe, ɗaya da rana. Ya toshe kunnuwansa da iyafis. Ba su fara tafiyar ba sai wajen ƙarfe uku na yamma. A hawa ya yi gumi sharkaf, har ya buɗe rigar. A dawowa, a wata kwana mai gangara inda rana ba ta kaiwa, abokinsa ya daka masa tsawa, ya waiga ya ga keke a bayansa. Sai ya yi abin da Legas ta koya masa in ya ga ɗan acaba: ya daka tsalle gefe. Ƙafarsa ta sauka a kan ƙanƙarar da dusa ta lulluɓe, santsi ya kwashe shi zuwa cikin wani ɗan rafi. Ya gurɗe a idon sawu, ya jiƙe har cinya.

Mai keken wata dattijuwa ce, ya ce za ta yi sa'ar Hajiya. Ashe tun daga nesa ta kaɗa ƙararrawa sau biyu, ta rage gudu, tana jiran ya ba ta hanya. Da ya tsaya cak a gefe, da ta wuce salin-alin. Saura musu kusan kilomita uku su kai inda suka ajiye mota. Babu sabis a wurin, kuma wayarsa da ke nuna caji kusan rabi ta ɗauke ɗif, domin sanyi na kashe batir. Kafin rabin awa ya fara rawar ɗari mai tsanani, yatsunsa suka kasa jan zif, maganarsa ta fara sarƙewa, ya ce su bar shi ya ɗan kwanta ya huta. Matar nan ta ƙi. Ta sa ya tuɓe jiƙaƙƙiyar rigar ciki, ta ba shi busasshiya daga jakarta, ta naɗe shi da bargon gaggawa, wani siririn mayafi mai ƙyalli da in an ninke shi bai fi tafin hannu ba. Ta ba shi shayi mai sukari daga filas, ta ɗora shi a kan kekenta, su uku suna turawa har suka fito cikin duhu. A asibiti aka yi hoto, aka ce targaɗe ne, babu karaya.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina, kuma ga abin da na fahimta. Dusar farko ta fi yaudara fiye da sanyin tsakiyar hunturu. A watan Janairu, sanyin da kansa ne zai kore ka daga waje ko ya tilasta maka shiri. Amma a Oktoba da farkon Nuwamba, za ka ga rana tana haske, titin gari a bushe, yara na wasa, sai ka ɗauka abin wasa ne. Alhali a lokacin ne ma'aunin zafi yake yawo a kusa da sifili: da rana dusa ta narke, da yamma ruwan ya daskare, sabuwar dusa ta rufe shi. Abin da ido ke gani fari tas mai laushi, ƙarƙashinsa gilashi ne. A yankin Kalgari ma akwai wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga tsaunuka, ana kiranta Cinuk, wadda kan ɗaga zafin gari da fiye da digiri 10 cikin 'yan awoyi, ta narkar da komai, sannan in ta wuce komai ya sake daskarewa. Kuma dusa a can ba ta jiran Disamba. A ranar 2 ga Oktoban 2018 an zuba fiye da santimita 30 a birnin a rana guda.

Sannan yanayin gari daban, na kan tudu daban. A bisa ƙiyasi, duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi. Kalgari kanta tana kan tudu mai tsayin mita dubu da 'yan kai, ta kusa kai Jos, hanyoyin dajin kuma sun fi ta tudu, wasu ƙololuwan sun haura mita 2,000. Don a kwatanta, Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ga kuma rana da ke saurin faɗuwa. A ƙarshen Oktoba tana faɗuwa wajen shida da 'yan mintuna, a cikin kwari kuwa dutse kan tare ta tun kafin nan. A shekarun da ake mayar da agogo baya a Lahadin farko ta Nuwamba, magariba kan dawo wajen ƙarfe biyar. Wanda ya fara tafiyar awa uku da ƙarfe uku, a duhu zai ƙare ta.

Abin da ya so kama ƙanena shi ne faɗuwar zafin jiki. Jikin mutum yana aiki ne a kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. In ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari. Mutane na zaton sai an yi tsananin sanyi hakan ke faruwa, amma yana iya faruwa ko a digiri 5 ko 10 in jiki a jiƙe yake, ana iska, kuma mutum ya daina motsi. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska har kusan sau 25. Shi ya sa auduga, wadda ita ce abokiyarmu a zafin Legas da Kano saboda tana shan gumi ta riƙe shi, take zama abokiyar gaba a can. Jins in ya jiƙe ba ya bushewa a jiki. Muddin kana tafiya, tsokarka na hura maka wuta. Da ka gurɗe ka zauna, wutar ta mutu, jiƙaƙƙen kaya kuma na ci gaba da zuƙe abin da ya rage.

Alamomin suna zuwa ne a jere. Da farko rawar ɗari. Sai yatsu su daina biyayya, mutum ya kasa ɗaure igiyar takalmi. Sai tuntuɓe, sai magana kamar ta mai maye, sai taurin kai da son kwanciya. Abin tsoron shi ne mai abin ba ya gane halin da yake ciki, domin ƙwaƙwalwar da za ta gane ita ce ta yi sanyi. In rawar ɗarin ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, ba sauƙi ne ya samu ba, abin ne ya yi tsanani, wani ma har ya fara tuɓe kaya yana cewa zafi yake ji. Abin yi shi ne a raba shi da iska, a shimfiɗa wani abu tsakaninsa da ƙasa ko da jaka ce, a cire jiƙaƙƙen kaya a saka busassu, a rufe kai da wuya da ƙirji. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari. Kada a mutsuttsuka masa hannu da ƙafa, kada a jijjiga shi. A kira 911 in a Kanada ko Amurka ne, 999 a Ingila, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai.

Yanzu bari in zo kan nawa laifin. Ƙwayar murar da na saka masa tana ɗauke da kilofeniramin, wanda muka fi sani da Piriton. Magani ne mai kyau a wurinsa, amma yana sa barci, yana rage saurin ankara, yana ɗan taɓa daidaiton tafiya. A kan kwalinsa an rubuta kada a tuƙa mota in ya sa mutum jin barci. Ni ban taɓa kawo wa raina cewa tafiya a kan ƙanƙara, a hanyar da kekuna ke gangarowa, tana buƙatar nutsuwa irin ta tuƙi ba. Ba zan ce ƙwayar ce ta kayar da shi ba, amma ba ta taimake shi ba, kuma barcin da ya ce yana ji a bakin rafin nan, abokansa da farko sun ɗauka na maganin ne. Wannan ruɗanin shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk maganin da ke sa barci ko kasala, irin su diyazefam, amitiriftilin, tiramadol da kodin, yana dusashe jin sanyi da saurin yanke shawara, wasu ma suna rage ƙarfin jiki na kare zafinsa. Masu hawan jini da ke shan atenolol ko furofaranolol za su lura hannu da ƙafarsu sun fi na kowa saurin sanyi, domin maganin na rage jinin da ke kaiwa yatsu. Haka maganin buɗe hanci mai sudo'efedirin yana matse jijiyoyin jini, haka ma taba sigari da shisha. Masu shan maganin da ke sa yawan fitsari su kula da shan ruwa. Wanda kuma ke kan maganin tsinka jini, kamar wafarin, in ya faɗi ya bugi kai to asibiti ne kai tsaye, ko da ya miƙe yana dariya. Ba ina cewa kowa ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai ba, ko kusa. Ina cewa ne ya san abin da yake sha, ya yi shirinsa daidai da haka, maganin mura mai sa barci kuma a bar shi sai dare.

Sai man zafi. Na san akwai wanda zai ce ai in an shafa shi a ƙirji da tafin ƙafa jiki na ɗaukar ɗumi. Ba ya ɗumama komai. Sinadaran da ke cikinsa suna tsokanar jijiyoyin fata ne kawai, sai ka ji kamar zafi, alhali zafin cikin jikinka bai ƙaru da ko ɗigo ba. Abin da ke ɗumama mutum abinci ne, da motsi, da busassun kaya.

Akwai maganar da ta fi shafar mu fiye da mutanen can, wato sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, autanmu ma haka. Ga mai SS, sanyi da iska da ƙarancin ruwa a jiki da wahalar motsa jiki da ƙarancin iskar shaƙa a kan tudu, kowanne kaɗai na iya tayar da ciwo, tafiyar dutse a dusa kuwa ta haɗa su duka a wuni ɗaya. Ra'ayina a nan ba mai sassauci ba ne: mai SS ya ga dusarsa a lambun cikin gari, kusa da ɗaki mai ɗumi, kada ya shiga doguwar tafiyar daji sai ya zauna da likitansa. Mai AS kuwa akasari lafiya lau yake rayuwarsa, kuma ba na son in tsorata kowa. Sai dai an san cewa a kan tudu mai tsayi, tare da gajiya da ƙishirwa, jini kan iya toshewa a saifa. Misalin da aka fi sani shi ne na Ryan Clark, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, wanda AS ne. A 2007, bayan wasa a birnin Denba mai tudun kusan mita 1,600, ciwo ya kama shi a gefen hagu, har sai da aka cire masa saifa da matsarmama. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma mai AS da ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ko kafaɗar hagu a kan dutse, ya sauko, ya nufi asibiti, kuma ya faɗa musu da bakinsa cewa shi AS ne. Ba lallai su yi tunanin tambaya ba.

Masu asma su sani cewa busasshiyar iska mai sanyi tana tsuke hanyar numfashi, musamman a hawa. A rufe hanci da baki da mayafi, a riƙe abin shaƙa a aljihun ciki, domin in gwangwanin ya yi sanyi sosai feshinsa na raguwa. Masu ciwon suga kuma, insulin in ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya, zubar da shi ake yi, don haka a jikin mutum ake ajiye shi ba a aljihun bayan jaka ba. Na'urar gwajin suga ma kan yi gardama a sanyi. Kuma rawar jiki da ruɗewar faɗuwar suga suna kama da na sanyi, saboda haka dabino ko alewa kada su bar aljihu. Wanda ciwon suga ya rage masa ji a ƙafa ya riƙa duba yatsunsa da ido. A fatarmu, daskarewar yatsa ba lallai ta nuna ja ba, wurin kan yi toka-toka ne, ya yi tauri, ji ya ɗauke. Ba a murza shi, ba a kara shi a wuta ko hita. Ruwa mai ɗumi daidai jiki, digiri 37 zuwa 39, shi ake sakawa, kuma sai an tabbata ba za a sake komawa cikin sanyin ba.

Ita kanta hanyar tana da ladubbanta, kuma rashin saninsu ne ya jawo tsallen. Ƙa'idar da aka saba rubutawa a allunan irin waɗannan wurare ita ce mai keke ya ba mai tafiya a ƙasa hanya, mai gangarowa ya ba mai hawa, kowa kuma ya ba doki. To amma ƙa'ida daban, ƙanƙara daban. Keken da ke gangarowa a kan santsi, ko ya taka birki ba lallai ya tsaya inda yake so ba, kuma dusa na haɗiye ƙarar taya, ba za ka ji zuwansa ba. A nan gida ɗan acaba hon yake yi, kai kuma ka yi ta kanka. A can mai keke ƙararrawa yake kaɗawa ko ya ce zai wuce ta hagunka, kuma abin da yake nema a wurinka shi ne ya san inda za ka kasance daƙiƙa biyu masu zuwa. Saboda haka ba a tsalle. Ka matsa gefe a natse, ka tsaya cak, in kuna da yawa ku koma gefe ɗaya duka, a riƙe hannun yara. Mun saba tafiya a jere kafaɗa da kafaɗa muna hira, a can bi-da-bi ake yi. Kada a tsaya ɗaukar hoto a tsakiyar kwana. Iyafis kuma a bar shi a aljihu. A karanta allon bakin hanya, domin akwai hanyoyin da aka ware wa kekuna masu gangarowa kaɗai, mai ƙafa ba shi da hurumi a cikinsu.

Wani abin da dattijuwar ta gaya masa a hanya, wanda ni ma ban sani ba sai a bakinsa, shi ne sawun ƙafa kansa na iya cutar da wani. In dusa ta yi laushi ka bi ta kana nutsewa, ramukan da ka bari za su daskare da dare, gobe tayar keke ta faɗa ciki ta kayar da mai shi. A wurare da yawa 'yan sa-kai ne ke bi suna daddaɓe dusar don masu keke mai faɗin taya da masu sulun kan dusa, shi ya sa ake cewa in ka ga ƙafarka na nutsewa sosai, ka juya ko ka canza hanya. In kuma ka tarar da taɓo, ta tsakiyarsa ake bi, domin kewayewa na faɗaɗa hanya ya kashe ciyawar gefe. Wannan kuwa sai da takalmin da ruwa ba ya shiga.

Shirin ba mai tsada ba ne in aka kwatanta da kuɗin jirgin da aka biya. Kaya hawa uku maimakon jibgegiya ɗaya: na ciki na ulu ko na roba mai saurin bushewa, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa, yadda za a rage a hawa kafin gumi ya zo, a ƙara in an tsaya. Ƙarin safa da rigar ciki a cikin leda. Hula da safar hannu. Akwai wasu 'yan ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa ƙasan takalmi da roba, ana sayar da su a shagunan kayan wasanni na can, su ne maganin santsi. Tocila ta daban ba ta waya ba, waya kuma a aljihun ƙirji. Filas na shayi da abin ci. Ruwa ko ba a jin ƙishi, domin sanyi na danne ƙishirwa kuma yana sa yawan fitsari, kuma na san mu mata mukan ƙi sha don gudun neman banɗaki. A fita da safe, a gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa. Wanda zai yi alwala a hanya ya tsane jikinsa sosai kafin ya mayar da safa, ko ya fita da alwalarsa, maganar shafa a kan huffi kuma malamai sun fi ni sani.

Ga masu goyo, kalma ɗaya. Ke kina tafiya kina jin ɗumi, jaririn da ke bayanki ba ya motsi, kuma yara sun fi manya saurin rasa zafin jiki. Shirunsa ba lallai barci ne mai daɗi ba, ki riƙa sauke shi kina taɓa ƙirjinsa da ƙafafunsa. Ni dai da za a bi ta tawa, ba a hawa hanya mai ƙanƙara da goyo.

Game da targaɗen, likitocin birnin Ottawa sun fitar da wata ƙa'ida a 1992 da ake amfani da ita har yau: in mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko yana jin zafi in an danna ƙashin idon sawu ta baya, a yi hoto. In ba karaya, a huta, a ɗaga ƙafar, a ɗaure da bandeji mai roba, a sha farasitamol. Ibufurofen ko dikulofenak sai an ci abinci an sha ruwa sosai, domin a jikin da ya bushe suna wahalar da ƙoda, mai gyambon ciki kuma ya bar su. Gashi da ruwan zafi da matsa da muka saba yi a ranar farko ƙara kumburi suke.

Sai da ya ajiye sanda muka gaya wa Hajiya. Ta yi faɗan da za ta yi, rabi nasa rabi nawa, sannan ta tambayi sunan matar don ta saka ta a addu'a. Ashe a cikin ruɗanin nan ko sunanta bai tambaya ba, rigarta ma tana wurinsa har yanzu. Ya ce in ƙafar ta warke zai koma wurin da safe, da takalmin kirki, ko Allah Zai sa ya gan ta ya mayar mata.

Shekaranjiya wani Alhaji ya shigo kanti da takardarsa, 'yarsa za ta tafi a watan Janairu. Na haɗa masa abin da ya rubuta, na canza maganin murar zuwa wanda ba ya sa barci, sannan na tambaye shi rukunin jininta, AA ce ko AS. Ya ce sai ya tambayi mahaifiyarta. Na ce ya kira ta yanzu, zan jira.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganin tarin yara.